Kalmar "ammonite": ƙahon rago ko sunan al'umma?

Ɗalibin da ya buɗe ƙamusun Faransanci ko na Ingilishi zai tarar da kalmar "ammonite" da ma'ana biyu. Ta farko wata dabbar teku ce mai ƙoƙon bayanta a nannaɗe kamar gammo, dangin dabbar nan mai hannuwa takwas da ake kira oktofus. Cikin ƙoƙon a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, ita kuwa dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe na bakin ƙofa. Ta ƙare a duniya shekaru miliyan 66 da suka wuce, sai dai kwasfarta da ta zama dutse.

Asalin sunan daga Masar yake. Mutanen Masar na dā suna da abin bauta mai suna Amun, wanda Girkawa suka kira Ammon, ana kuwa zana shi da ƙahonin rago a murɗe. Saboda haka marubucin Rum, Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya kira irin waɗannan duwatsu "ƙahon Ammon". Wato kama ce ta haifi sunan. Daga wannan tushe ne kuma aka sami sunan sinadarin amoniya, don ana danganta wani gishiri da yankin ɗakin bautar Ammon.

Ƙahon bai tsaya nan ba. Sunayen kimiyya na ire-iren dabbar da yawa suna ƙarewa da "-ceras", daga kalmar Girkanci mai nufin ƙaho. Akwai Nigericeras, mai ɗauke da sunan Nijar, da Gombeoceras mai ɗauke da na Gombe, domin kimanin shekaru miliyan 90 baya teku ya malale waɗannan wurare. Har yau ana tsintar irin duwatsun a Damargu da kuma ma'aikatar haƙar dutsen siminti ta Ashaka.

Ma'ana ta biyu ba ta da wata dangantaka da rago. Tana nufin mutumin Ammon, wata tsohuwar daula a gabashin kogin Urdun, wadda babban birninta ya zama Amman na yau. A Hausa ana ce da su Ammonawa. A nan ne ɗalibai kan yi tuntuɓe, su ɗauka kalma ɗaya ce ta yi rassa, alhali kalmomi biyu ne masu tushe daban da suka haɗu a rubutu da furuci. Shi ya sa ƙamus mai kyau yake ba kowacce gurbinta.