Dashen Haƙori: Daga Ina Ƙashin Ciko Yake Fitowa?

A Dutsin-Ma da Kurfi, idan haƙori ya hana mutum barci, cire shi ake yi, ko a asibiti ko wurin wanzami. To amma da zarar saiwar ta fita, ƙashin muƙamuƙi sai ya fara zaizayewa, har faɗinsa kan ragu da kusan rabi cikin shekara guda. Ranar da mai giɓi ya je Kano ko Zariya neman dashe, likita na iya ce masa ƙashin ba zai riƙe ƙusar tataniyom da ake ɗora sabon haƙorin a kanta ba, sai an yi ciko.

Ciko da me? Ku saurari wannan labari. A wani littafi da aka buga a 1668, likitan fiɗa na Amsterdam, Job van Meekeren, ya ba da labarin wani sojan Rasha da aka sara a ka, aka toshe ramin da guntun ƙoƙon kan kare. Kare fa, jama'a! Coci ta kore shi saboda haka. Ya koma yana roƙon a cire, aka duba, ashe ƙashin ya riga ya haɗe da nasa.

Damuwar sojan nan tana nan har gobe, domin ƙashin ciko iri huɗu ne. Akwai na jikin mutum kansa, daga haɓa ko bayan muƙamuƙi ko ƙugu. Shi ya fi kamawa, sai dai yanka biyu ke nan, ciwo biyu. Akwai na mamaci da ya bayar, wanda ake tsaftacewa a adana. Akwai na dabba: Bio-Oss na kamfanin Geistlich a Suwizalan garin ƙashin saniya ne, fari, an raba shi da duk wani nama da kitse, amma wasu kamfanonin na alade suke sarrafawa. Na huɗu haɗin ɗakin bincike ne daga sinadarin kalsiyam, babu dabba a ciki.

Saboda haka haƙƙin marar lafiya ne ya ce, "Likita, ƙashin mene ne wannan?" kafin ya sa hannu, ya kuma tuntuɓi malaminsa in zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Ciko kan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin a dasa ƙusa, kuma shan taba da ciwon sukari da ba a kula da shi suna iya hana shi kamawa.