Gaskiya ko Jita-jita: Me Ke Sauyawa a Mutum Idan Ya Haura Arba'in?

Wanda aka haifa tsakanin 1970 da 1984 a ƙasar Gidan Rumji, Agye ko Gazawa, yau yana tsakiyar rayuwa. Bai kai a kira shi tsoho ba, amma samari sun daina ce masa "abokina", sun koma "Baba" ko "Kawu". Shi da sa'anninsa ne yaran yunwar 1984 da ake kira El Buhari. Su ne sababbin magidanta da matan aure lokacin ƙarancin abinci na 2005. Da yawansu kuma su ne suka buɗe ƙofofin gidajensu a 2019, sa'ad da dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji. Maganganu a kansu ba sa ƙarewa, a majalisa, a gidan biki, har a WhatsApp. Ga wasu daga ciki, mun ɗora su a ma'auni.

"Hali zanen dutse ne, wanda ya wuce talatin ba ya sakewa"

Ba Bahaushe kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A 1890 William James, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya rubuta cewa yawancin mutane halinsu ya gama daskarewa da sun kai talatin. Daga baya masana suka riƙa bin mutane shekara da shekaru, suna auna halayensu suna sake aunawa. A 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka tattara irin wannan bincike guda 92. Suka tarar yawancin mutane suna ƙara kula da aiki da cika alkawari, fushi da fargaba suna raguwa, kuma sauyin ba ya tsayawa a talatin ko arba'in. Abin da ya fi dawwama shi ne matsayin mutum cikin sa'anninsa. Wanda ya fi tsaransa zafin kai yana ɗan ashirin, mai yiwuwa ya fi su yana ɗan hamsin, amma da shi da su duk sun huce.

Masu cewa "da an cika arba'in hankali ya zo" su ma su sassauta. Shekara arba'in na da daraja a Musulunci. A cikinta aka aiko Annabi (SAW), kuma aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf ta ambace ta tare da addu'ar da ta haɗa godiya ga Allah da iyaye da zuriya. Sai dai natsuwa ba ta sauka dare ɗaya. Kaɗan-kaɗan take taruwa, da aure, da haihuwa, da riƙon gandu, da asarar da aka sha.

Hukunci: Jita-jita.

"Kowane namiji sai ya ruɗe a tsakiyar rayuwa"

Idan magidanci ya fara rina furfura, ya sayi sabon babur, ya shiga zarya ƙofar gidan budurwa sa'ar ɗiyarsa, mutanen gari kan ce tsufa ya zo masa da gardama. Yanzu ƴan boko sun ƙara da cewa ai ciwo ne sananne, rikicin tsakiyar rayuwa, kuma ba mai tsira daga gare shi.

Wanda ya yaɗa wannan tunani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Kanada, Elliott Jaques, a wata maƙala ta 1965, bayan ya duba tarihin shahararrun masu zane da makaɗan Turai. Da aka zo tambayar talakawa, sai labari ya sha bamban. A binciken da Elaine Wethington ta Jami'ar Cornell ta fitar a 2000, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ya ce ya shiga irin wannan hali. A cikinsu ma da yawa sun danganta abin da rasa aiki, mutuwar aure ko rashin lafiya, abubuwan da kan faɗa wa mutum a kowace shekara.

Akwai ɗan abin kamawa. A 2020 masanin tattalin arziki David Blanchflower ya duba alƙaluman ƙasashe fiye da 130, ya ce gamsuwa da rayuwa kan yi ƙasa wajen shekara 47 zuwa 48, sannan ta sake tashi. Wasu masana na jayayya da shi, kuma ko a wurinsa matsakaici ne na jama'a, ba ƙaddarar kowa ba. Ƙarin aure kuwa al'ada ce sananniya a jahar Maradi, ba shaidar ruɗewa ba. Abin tambaya shi ne: rumbunsa zai ciyar da su, kuma zai yi adalci?

Hukunci: Jita-jita ce a ce kowa. Gaskiya ne wasu kan ji rayuwa ta yi musu nauyi a waɗannan shekaru.

"A waɗannan shekaru ne kaya ya fi yi wa mutum yawa"

Nan kam babu gardama. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a jahar Maradi ya kai 8.4, na ƙasa baki ɗaya kuma 7.6. Wa ke ciyar da waɗannan yara? Magidanci mai shekara 45 ne da uwargidansa.

Dubi safiyarsa a watan bazara. Ya leƙa rumbu ya ƙirga damman da suka rage, ya auna wa kowane ɗaki tiyar hatsinsa. Kafin ya wanke hannu an ce masa maganin tsohuwa ya ƙare. Ɗiya an sa mata rana, kayan ɗaki na jira. Babban ɗa na son aure, ƙanensa na son kuɗin lakwal. Gonar da kakansa ya noma shi kaɗai, yau gado ya raba ta gida-gida. Mutumin da ke cikin wannan lissafi in ya daina sayen shadda kowace salla, ba rowa ce ta kama shi ba. Abin da ke gabansa ne ya sake: rumbu, fili, tarbiyyar yara, da guzurin Makka in Allah ya hore.

Hukunci: Gaskiya.

"Wanda ya daina cin rani, ya rage abokai, zuciyarsa ta mutu"

Samari kan yi wa yayyensu wannan gori. Mutumin da ya sha Legas, ya taka Libiya, ya je haƙar zinariya a Jado bayan 2014, yanzu ya zauna gida, daga gona sai masallaci sai wurin abokai biyu ko uku.

Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta daɗe tana nazarin wannan sauyi. Ita da abokan aikinta sun tambayi mutane: in kana da rabin awa, da wa za ka so ka zauna, ɗan'uwanka, ko sabon sani, ko marubucin littafin da ka karanta? Manya suka fi zaɓar ɗan'uwa, matasa kuwa zaɓinsu ya rarrabu. Sai aka juya tambayar. Aka ce wa matasa su ɗauka sun kusa ƙaura zuwa nesa su kaɗai, nan take suka koma zaɓar ɗan'uwa. Aka ce wa manya su ɗauka likita ya yi musu albishir da ƙarin shekara 20, sai sha'awar sabbin mutane ta dawo musu. Ke nan ba yawan shekaru ne ke sauya zaɓi ba. Yadda mutum ke ganin saura lokacinsa ne. Wanda ya gane lokaci na da iyaka yakan tace, ya riƙe abin da ya fi masa amfani.

Irin wannan zama a gida ya yi wa ƙasa rana. Tun 1983 aka fara koya wa manoman Maradi sassaben zamani, wato a bar kututturen itace ya toho a gona, a rage masa rassa a raine shi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a duniya kan wannan aiki, kuma an ƙiyasta hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Mai gona ne ke yanke shawarar a bar gawo ko a sare, kuma gawo ba ya biyan mai gaggawa. Wanda ya raini itacen da ƴaƴansa za su fi shi mora, ba a ce zuciyarsa ta mutu.

Hukunci: Jita-jita.

"Lokacin karatu da neman arziki ya wuce"

Wani abu na raguwa, gaskiya ne. Saurin kama sabon abu ba ya kai na ɗan ashirin. Amma binciken birnin Seattle da K. Warner Schaie ya fara a 1956 ya nuna sanin kalmomi da iya warware matsala sukan kai ƙololuwa tsakanin arba'in da sittin. A 2018 Pierre Azoulay da abokan aikinsa suka duba waɗanda suka kafa kamfanoni a Amurka, suka ga masu kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa matsakaicin shekarunsu 45 ne. A gida ma haka abin yake. Wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, da ya yi nazarin alhazan Maradi, ya nuna da yawansu sun daɗe suna yaran ubangida kafin su tsaya da ƙafarsu.

Sau da yawa abin da ake ɗauka toshewar kai ne, ido ne. Daga wajen arba'in ganin kusa kan ragu. Sai ka ga mutum ya miƙa wayarsa nesa da fuska yana ƙyafta ido, ko uwargida ta ba jika allura ya zura mata zare. Tabarau mai araha kan mayar da mutum kan Alƙur'aninsa da ajin yaƙi da jahilci.

Hukunci: Jita-jita.

"Mace in ta daina haila, ta gama yayi"

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata kan daina haila tsakanin shekara 45 da 55. Zafin jiki kwatsam, gumin dare, rashin barci da saurin fushi duk suna iya zuwa da shi. Ba aljanu ba ne, ba kuma sammun kishiya ba ne. Jinin da ya dawo bayan an shekara da dainawa shi ne abin kai wa likita ba tare da jinkiri ba.

Batun gama yayi kuwa, tarihi ya ƙaryata shi. Macen da ta huta da goyo takan sami sararin kasuwa, kiwo da noman gamanarta. A ƙasar Maradi akwai sarautar tambara ta macen da ta shahara a noma da dukiya, takwarar sarkin noma. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, manyan mata ta naɗa jaji su kai karatu ƙauyuka a tsarin ƴan taru. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta fara a jahar Maradi a 1991, har suka bazu ƙasashe da dama, amana ce jarinsu, kuma wadda gari ya daɗe da sanin halinta ake ba ajiyar akwati.

Hukunci: Jita-jita.

"Tunda tsawon rai a Nijar sittin da ɗoriya ne, ɗan hamsin ya kusa"

Rai na hannun Allah, amma lissafin nan an karanta shi a baibai. Adadin matsakaici ne da aka haɗa da jariran da suka rasu. Binciken lafiyar iyali na 1992 ya nuna yara 318 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar a Nijar. A 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Mutuwar yara ce ke jan matsakaicin zuwa ƙasa. Wanda ya tsallake ƙyanda da zazzaɓin yarinta har ya kai sittin, alƙaluma na ba shi ƙarin shekara 15 ko fiye.

Abin tsoro a waɗannan shekaru shi ne hawan jini da ciwon suga, masu shiga ba sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Shanyewar ɓarin jiki da ake jingina wa iska, sau da yawa daga nan take tasowa.

Hukunci: Jita-jita.

A cikin maganganu bakwai, ɗaya ce ta tsaya da ƙafarta: nauyi ya yi yawa. Sauyin da ake gani a magidanci da uwargida amsa ce ga wannan nauyi da kuma sanin cewa lokaci na da iyaka. Saboda haka, Malam da Hajiya da kuka haura arba'in, ku je likita a auna muku jini ko da ba ku jin ciwon komai, ku rage gishiri, ku sa a duba idanunku, kuma kada ku bari a ce muku an rufe ƙofar karatu ko sana'a. Ku kuma samari, kafin ku ce zuciyar Kawu ta mutu, ku ƙirga bakin da yake ciyarwa.