Abin da Kwamfuta Ke Gani a Gonakin Tamale

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu duba wani aiki da ɗalibin kwamfuta ke gamawa da layi ɗaya na umarni, wato ɗauko hoto daga fayil a zuba shi cikin jadawalin lambobi. Matsayar shirin ita ce: wannan mataki da ake rainawa, a kansa ne duk hukuncin da na'ura za ta yanke game da gonakinmu da majinyatanmu yake tsayawa ko ya rushe, don haka ya kamata matasan Arewacin Gana su san shi ciki da bai.

Kwamfuta ba ta ganin masara, ba ta ganin fuskar mutum. Lambobi kawai take riƙewa. Wanda ya taɓa ganin hatimi a allon malam a Zango, layuka a kwance da layuka a tsaye, kowane gida da lambarsa, ya riga ya ga siffar abin. Hoto baƙi da fari jadawali ne irin wannan: kowane ɗigo na hoton gida guda ne, lambar da ke ciki kuma tana faɗin haskensa, daga 0 wadda ke nufin baƙi ƙirin zuwa 255 wadda ke nufin fari fat. Idan hoton mai launi ne, sai a ɗora jadawali uku a kan juna, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Kun ga an samu tsawo da faɗi da kuma zurfi. Shi ne masana ke kira jadawali mai fuskoki da yawa, kuma don a gano lamba guda a cikinsa sai an ambaci layi, a ambaci gida, a ambaci launi.

Hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta ta wannan hanya, Russell Kirsch ne ya yi shi a Amurka a 1957, ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance. Wayar da ke aljihun 'yar kasuwa a Aboabo yau tana iya ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a kwance, 3,000 a tsaye. In aka ninka da launi uku, lambobi miliyan 36 ke nan. Dalilin da ya sa irin wannan hoto ba ya cinye rumbun wayar shi ne tsarin JPEG, wanda aka tabbatar a 1992, yana matse lambobin yana zubar da waɗanda idon mutum ba zai lura da rashinsu ba. Saboda haka karanta hoto daga fayil na nufin warware wannan matsi a mayar da lambobin gidajensu, aikin da ɗalibai da yawa ke yi da harshen Python da kayan aikin NumPy, wanda Travis Oliphant ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2006. Abin da aka riga aka zubar kuwa, babu umarnin da zai dawo da shi.

To ina ruwan manomin Tolon ko Savelugu da wannan? Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana ɗaukar hoton ƙasarmu kusan kowane kwana 5, kuma hotonsa jadawali 13 ne a kan juna, har da hasken da idonmu ba ya gani. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da hasken da ke gaba da ja. Mai bincike a cibiyar nazarin noma ta SARI da ke Nyankpala na iya ɗebe jadawalin jan haske daga na hasken da ke gaba da ja, ya raba da jimlarsu, ya ga inda shuka ke shan wuya. In ya jera hotunan damina tun daga shuka har girbi, ya ƙara fuska ta huɗu, wato lokaci. Da irin wannan lissafi ake iya auna inda ruwa ya malale idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Farar Volta ya tumbatsa ya shiga gonaki.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Wani zai ce, tunda layi ɗaya ke yin aikin, me ya sa za a wahalar da ɗalibi? Amsar tana cikin kurakuran da ba sa yin ƙara. Manhajar Pillow tana jera launuka ja, kore, shuɗi. OpenCV kuwa tana jera su shuɗi, kore, ja. Wanda bai sani ba zai auna shuɗi yana zaton ja yake aunawa, kwamfuta kuma ba za ta ce masa uffan ba. Haka nan gidan da aka yanka wa iyaka a 255, in ka haɗa 200 da 100 a cikinsa, ba 300 zai ba ka ba, 44 zai bayar, wuri mai haske ya rikiɗe ya zama duhu. A asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tamale abin ya fi nauyi: fayil ɗin hoton ƙirji na asali yana iya riƙe matakan haske dubbai, amma in aka ɗauke shi da waya aka tura ta WhatsApp, ya koma mataki 256, an kuma sake matse shi. Tabon da likita ke nema yana iya kasancewa cikin abin da ya zube.

Wani kuma zai ce manyan kamfanoni sun riga sun gama mana aikin. Gaskiya ne Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, kuma a 2021 ya fitar da taswirar gine-gine sama da miliyan 500 na Afirka daga hotunan sama. Aiki ne mai amfani. Sai dai ku lura da ma'auni: a mafi kyawun jadawalin Sentinel-2, gida guda yana wakiltar mita 10 sau mita 10, wato gonar eka ɗaya kusan gidaje 40 ce kawai. A cikinsu akwai masara, akwai gyaɗa a tsakaninta, ga kaɗanya da ɗorawa sun yi inuwa. Da damina gajimare ke rufe hoton, da hunturu kuma hazo ke dusashe shi. Na'urar da ta koyi aiki a shimfiɗaɗɗun gonakin Amurka masu shuka iri ɗaya za ta ba da amsa cikin gadara ko da ta kauce. Mai iya kama ta shi ne wanda ya san gonar da ƙafarsa, ya kuma iya buɗe jadawalin ya duba lambobin.

Ƙorafi na uku ya fi ƙarfi: ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta, ga ƙarancin kwamfuta. Ba a musun wannan, amma shi ma hujja ce ta koyon abin. Python da NumPy kyauta ne, hotunan Sentinel kyauta ne, na Landsat ma Amurka ta sake su kyauta tun 2008. Wanda ya fahimci jadawali zai yanko yankin Kumbungu kaɗai, ya ɗauki launi biyu da yake buƙata, tsohuwar kwamfutarsa ta ɗauki nauyin. Wanda bai fahimta ba shi ke sauke fayil ɗungurungum, datarsa ta ƙare, na'urarsa ta tsaya cik.

Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta UDS, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana tura ɗalibanta ƙauyuka a zangon karatu na uku. Idan suka tafi da wannan ilimi, za su iya rubuta abin da aka shuka a kowace gona su gwada shi da lambobin tauraro, wanda shi ne bayanin da babu kamfanin waje da ke da shi. Kiranmu ga malaman UDS da na Jami'ar Fasaha ta Tamale shi ne, kafin ɗalibi ya taɓa manhajar gane hoto, a sa shi ya buɗe hoton gonar gidansu, ya faɗi tsawon jadawalin da faɗinsa da zurfinsa, da irin lambobin da ke ciki, da abin da matsi ya zubar.

A nan muka kawo ƙarshen shirin.

(Kiɗan rufe shiri)