Dakoro: kututturen da bai mutu ba

Ranar Lahadi da hantsi, a ƙaramar majami'a irin ta Dakoro, fasto kan ɗaga kai ya dubi kujeru kafin ya buɗe Littafi Mai Tsarki. Rabinsu babu kowa. Waɗanda suka zo ma, waƙa ba ta fita daga bakinsu da ƙarfi, taron addu'a na tsakiyar mako kuwa sai tsofaffi biyu ko uku. Ba tsanantawa ba ce ke karya zuciyar makiyayin ikilisiya a irin wannan hali, sanyin jikin mabiyansa ne.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba. A gari irin Dakoro da yawansu ma'aikatan gwamnati ne: malamin lakwal, ma'aikacin likita, jandarma. Takardar canjin wurin aiki guda ɗaya na iya ɗauke mai jan waƙa da ma'aji a wata guda. Da damina gona ta kira, da rani samari su tafi Nijeriya cin rani. Rarrabuwar da ta sami ikilisiyar EERN a ƙarshen shekarun 1980 ita ma ta bar tabo.

To, ina mafita? Dattawan ikilisiya sukan fara da tarihi. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta zauna Tsibirin Gobir bayan ƴan shekaru, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. An yi shekaru masu yawa ana ƙidaya masu bi da yatsun hannu, amma ba a naɗe tabarma ba. Sukan kuma tuna da annabi Iliya, wanda ya gudu jeji yana zaton shi kaɗai ya rage, sai aka shaida masa akwai sauran mutum 7,000.

Akwai darasi mafi kusa da gida. Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, ya yi ta dashen itatuwa a jihar Maraɗi, akasarinsu suna mutuwa, har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983 ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya lura cewa ƴan tsirran da ke bakin hanya tohon kututture ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Daga nan aka sami sassabin zamani: a zaɓi reshe mai ƙarfi, a datse sauran, a kiyaye shi. Aikin ya farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a Nijar.

Haka lamarin ikilisiya yake. Wanda ya tsaya ƙidayar kujeru zai gaji. Wanda ya bi gida gida, ya gai da marar lafiya, ya zauna da matashi ya ji damuwarsa, ya raba aiki ga dattawa da ƙungiyar zumuntar mata maimakon ɗaukar kaya shi kaɗai, shi ne zai gane inda sauran rai yake.

Mai karatu, ɗan kasuwan da ciniki ya yi wa sanyi ba ya rufe rumfa, yakan bi tsofaffin abokan cinikinsa ne. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. A Dakoro, inda ruwan sama kansa sai an jira shi, babu wanda za a koya wa wannan magana.