Ina Kuɗin Lodin Lome Ke Shiga?

Duk babbar motar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Lome ta nufi arewa sai ta ratsa Sotouboua. Garin yana kan hanya mai lamba 1, wadda ta tsaga Togo daga bakin teku har Cinkassé a iyakar Burkina Faso, tafiyar sama da kilomita 600, kuma a Sotouboua ne ɗaya daga cikin ƙofofin biyan kuɗin hanya take. Dare da rana tireloli ne ke wucewa, da shinkafa da sukari da siminti da rodi da taki. Wasu za su sauke a Sokodé ko Kara ko Dapaong, da yawa kuwa Wagadugu da Yamai da Bamako suka dosa.

A 2009 Bankin Duniya ya fitar da binciken da Supee Teravaninthorn da Gaël Raballand suka yi kan farashin dakon kaya a Afirka, kuma wannan hanya na cikin waɗanda suka kawo alƙalumansu. A lissafin 2007, ɗaukar tan ɗaya na kaya tsawon kilomita ɗaya tsakanin Lome da Wagadugu santi 7 ne na dalar Amurka. A yammacin Turai da China santi 5, a Amurka 4, a Pakistan 2. Wato lodin tan 30 a tafiyar kilomita 1,000 zai ci wa ɗan kasuwar Wagadugu dala 2,100, takwaransa na Pakistan kuwa dala 600.

Abin ɗaure kan yana nan. Direbanmu ba ya karɓar ko kusa da albashin direban Faransa, yaron mota ma sau da yawa abinci da ɗan ihsani ne ladansa. Motar kuma ta hannu ce, an gama cin moriyarta a Turai kafin a sauke ta a Lome. Da arhar ma'aikaci da arhar mota, kamata ya yi dakonmu ya fi na kowa sauƙi. To, ina kuɗin ke shiga?

Wanda kowa ke fara zargi shi ne hanya, kuma ba a rasa dalili ba. Jamusawa sun shimfiɗa layin dogo daga Lome zuwa yankin Atakpamé kafin yaƙin duniya na farko, Faransawa suka ƙarasa shi zuwa Blitta a shekarun 1930, daga nan aikin ya tsaya, ƙiris ya rage ya iso Sotouboua. Tun daga lokacin nauyin arewacin Togo da na ƙasashen Sahel a kan kwalta ɗaya yake. Tsofaffin direbobi ba su manta tsagar dutsen Alédjo da hawan Défalé ba, inda motoci ke kifewa ko birki ya tsinke, kafin a yi hanyoyin kewaye. Amma da masu binciken suka zauna da masu motoci suka tara kuɗin mai da taya da gyara da albashi, sai suka ga abin da ake kashewa wajen tafiyar da mota a manyan hanyoyin Afirka bai wuce na sauran duniya da wani abin a-zo-a-gani ba. Mai da taya suna da tsada, arhar ma'aikata da ta mota tana rufe giɓin. Tsadar tana cikin abin da ake caji, kuma tsakanin abin da aka kashe da abin da aka caza akwai rata babba: a hanyar Tema zuwa Wagadugu, maƙwabciyar tamu, ribar ta kai kashi 80 cikin 100, a hanyar Lusaka zuwa Johannesburg kuwa kashi 18.

Na biyu a zargi su ne masu kaki. Wannan tsohon ciwo ne. Fataken Hausawa da ke bin Sansanné-Mango zuwa Gwanja neman goro ma sai madugu ya sallami sarakunan hanya kafin ayari ya wuce. A tsakiyar shekarun 2000 ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ta Yamma, UEMOA da CEDEAO, da tallafin Amurka, suka kafa wani tsarin sa ido: ana ba direbobi takarda su rubuta kowane shingen da aka tsayar da su, nawa suka bayar, minti nawa suka ɓata. Rahotannin sun tabbatar da abin da kowane direba ya sani. Sai dai a 2011 Togo ta ɗage yawancin shingayen 'yan sanda da jandarmomi daga wannan hanya, har ta zama abin misali a rahotannin, kuma ba a ga kuɗin dako ya rushe ba. Dama Teravaninthorn da Raballand sun riga sun lissafa cewa na goro ƙaramin kaso ne cikin kuɗin tafiya. Wulaƙancin da ke cikinsa babba ne, bai kamata a yi masa uzuri ba, amma bai kai ya bayyana santi 7 ba.

Sai a koma inda kayan suka fito. A 2012 Raballand da wasu abokan aikinsa suka bi diddigin kwantena a tashoshin ruwa shida, Lome na ciki, tare da Tema da Douala da Mombasa da Dar es Salaam da Durban. A lokacin, a Durban kaya na kwana 4 su fita. A sauran, matsakaicin zama ya kusa kwana 20. Abin da ya ba su mamaki shi ne ba koyaushe ne laifin na kwastan ko ƙarancin injin ɗaga kaya ba. Wasu 'yan kasuwa da kansu ke barin kayan, domin ajiya a tasha ta fi hayar sito araha, ko kuma suna jiran su sami mai saye kafin su biya haraji. Wannan yana ƙara wa kaya tsada, sai dai ba ya shiga aljihun mai mota. Duk da haka ya nuna inda za a duba: a wannan sana'a lokaci ne ke zubewa, kuma ba a kan kwalta yake zubewa ba.

A filin da tireloli ke jiran lodi ne zaren ya fara warwarewa. Tun bayan yarjejeniyar sufuri da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Kwatano a 1982, ƙasashen bakin teku da na tudu suka yi ta ƙulla rabon kaya: kashi biyu cikin uku na kayan da za su wuce na motocin ƙasar da ba ta da teku ne, kashi ɗaya na motocin mai tasha. Burkina Faso da Nijar suna da hukumomin masu shigo da kaya da ke da wakilai a Lome don kula da wannan rabo. A ƙarƙashinsa kuma ƙungiyoyin masu motoci suka kafa bin layi, kamar yadda ake yi a tashar motar kowane gari: wanda ya riga zuwa shi ke fara lodi. Mai kaya ba shi da ta cewa kan motar da za ta ɗauka masa, mai mota kuma rage farashi ba zai matso da shi gaba ba.

Daga nan komai ya hau kan layi ɗaya. Tun da sabuwar mota da tsohuwa layi guda suke bi, kuɗi guda ake biyansu, babu dalilin da zai sa mutum ya ci bashin banki ya sayi sabuwa. Tun da ribar kowane zuwa tana da kauri, duk wanda ya tara 'yan kuɗi sai ya sayi tsohuwar tirela ya shigo, layi ya ƙara tsawo. Motar da za ta iya zuwa Wagadugu ta dawo sau da yawa a wata sai ta ƙare da zama, mai ita kuma dole ya fitar da kuɗin watan duka daga 'yan tafiye-tafiyen da ya samu. Wanda ya gaji da jira sai ya nemi 'yan kamasho su sama masa lodi ta bayan fage, su yanki nasu. Dawowa kuma sau da yawa wayam ake yi, domin abin da Sahel ke turowa teku, irin su audugar Burkina, bai kai abin da ke hawa ba, kuma yana da lokacinsa. Mai shinkafa ne ke biyan zuwa da dawowa.

Saura lodin wuce kima. Wanda ya jima yana jira, ranar da ya samu sai ya ɗora abin da ya fi ƙarfin motar. UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 a 2005, ta ƙayyade tan 11.5 ga gatari guda, amma aiwatar da ita ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Nauyin nan shi ke farfasa kwalta. Ashe hanyar da aka fara tuhuma ita ma wadda aka zalunta ce, kuma kuɗin da ake karɓa a ƙofar Sotouboua don gyaranta wani ɓangarensa ɓarnar layin Lome yake biya.

Akwai inda aka gwada wannan bayani. Bayan 1994 Ruwanda ta saki harkar dakon kaya, kowa ya nemi ciniki da kansa, kuma binciken Teravaninthorn da Raballand ya nuna farashi ya sauka da sama da kashi 30 cikin 100, idan aka cire hauhawar farashi kuwa kusan kashi 75. Shi ya sa marubutan suka gargaɗi masu ba da rancen gina hanyoyi cewa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, sauƙin da sabuwar kwalta ta kawo zai iya maƙalewa a hannun masu sufuri, bai kai ga mai saye ba. David Atkin da Dave Donaldson sun ga makamancin haka a 2015 a cikin Najeriya da Habasha: nisa yana ƙara wa kaya tsada ninki huɗu zuwa biyar na yadda yake yi a Amurka, kuma idan farashi ya sauka a bakin teku, 'yan tsakiya ne ke kwashe mafi yawan rangwamen, musamman a garuruwa masu nisa.

A ganina kuskure ne a karanta wannan a ɗauki masu motoci a matsayin azzalumai. Ƙasar da ba ta da teku tana da hujjar tsoron kada abincinta ya rataya a kan motocin wasu, kuma bin layi ne ke ba mai tirela ɗaya damar cin abinci kusa da mai hamsin. Soke shi dare ɗaya zai kori dubban ƙananan masu motoci da direbobinsu, sai an haɗa da rancen sabunta motoci da wata madafa ga waɗanda za su fita. Amma kariyar da ake ba su ba kyauta ba ce, matar da ke auna shinkafa a kasuwar Dapaong ko ta Maraɗi ke biyanta, ba tare da an taɓa shawartarta ba.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da a da ke bin Kwatano sun dawo Lome. Suna hawa ta Sotouboua da Sokodé da Dapaong, su shiga Burkina, inda motoci ke taruwa su jira rakiyar sojoji kafin su bi ta Dori da Téra zuwa Yamai. Kan layin lodi an ƙara layin ayari, kuma kowace ranar da mota ta kwana a tsaye ana lissafa ta a cikin kuɗin buhu.