Zuba Kifin Ƙyanƙyasa a Gulbi: Abin da Ruwan Badarawa Zai Iya Ɗauka

Zuba kifin ƙyanƙyasa, wato sakin 'ya'yan kifin da aka samar a gidan kiwo cikin gulbi ko tafki domin su girma da kansu, dabara ce da hukumomi sukan ɗauka idan masunta suka fara kukan ƙarancin kamu. A ƙasashen bakin teku an fi yin haka a mashigar teku, inda ruwan kogi yake gauraya da ruwan gishiri, domin nan ne ƙananan kifaye suke samun ci da maɓoya, kuma jihar Texas ta Amurka tun shekarun 1980 take sakin miliyoyinsu a irin waɗannan wurare. Ƙasar Badarawa ba ta da teku, amma aikin da mashigar teku take yi wa kifi, fadama ce take yin sa a nan, musamman fadamun Gagare da ya bi ta Ƙaura Namoda da na Bunsuru da ya bi ta Zurmi, waɗanda ruwansu yake ƙarewa a gulbin Rima.

Bambancin kifin gulbi da na gidan kiwo tun daga ƙwai yake farawa. Tarwaɗar gulbi takan jira ruwan damina ya malale fadama, sannan ta hau cikin ciyawa ta zuba ƙwai, kuma mafi yawan 'ya'yanta ba sa kai labari, sai waɗanda suka iya jure zafi da janyewar ruwa da farautar manya. A gidan kiwo kuwa, allurar sinadari ake yi wa mace a matse ƙwanta, a yanka namiji a ciro maniyyinsa a gauraya, sai a sami dubban 'ya'ya cikin kwana ɗaya ko biyu, galibi duk uwa ɗaya uba ɗaya. Idan aka saki irin waɗannan suka barbaru da na gulbi, sai bambancin gado ya ragu, wato yawan halayen da ke cikin jinin jinsi, waɗanda suke sa wasu su tsira idan cuta ko fari ya kashe wasu. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan kifin kogin Hood na jihar Oregon ya gano cewa ƙarfin hayayyafarsa a kogi yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari a kan kowace zuriyar da aka raina a gidan kiwo. Ga kuma haɗin tarwaɗa da ramboshi, wanda masu kiwo suke so saboda saurin girmansa, alhali kuwa ba irin da gulbi ya saba da shi ba ne.

Tarwaɗa ba ta zaɓen abinci, har 'ya'yan jinsinta takan ci. Da rani, lokacin da waɗannan gulabe suke tsinkewa su bar gurabun ruwa nan da can, ƙarin dubban bakuna a gurbi ɗaya yana nufin 'ya'yan karfasa da kurungu ne za su biya kuɗin, ban da ƙwayoyin cutar da kifin cunkoso yake tahowa da su. Giwan ruwa, wanda ake alfahari da shi a bikin su na Argungu, shi ne da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓatar da nau'in ƙananan kifaye kusan 200, ita kuma tarwaɗar Afirka sai da Indiya ta haramta kiwonta saboda ɓarnar da ta yi wa kifayen ƙasar.

Abin da ya rage kifi a yankin Rima ba rashin 'ya'ya ba ne. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta tare hanyar kifin da yake hawowa daga ƙasa, yashi yana cike gurabu, wasu kuma suna su da gidan sauro ko da guba, su kwashe babba da jariri. Kifin da aka zuba a ruwan da ke cikin wannan hali, abin da ya ci na farko shi zai ci shi.

Dabarar ta fi dacewa da rufaffen tafki wanda ba ya haɗuwa da gulbi ko da ambaliya. Inda kuwa ya zama dole a zuba a gulbi, ya kamata a ɗebo iyaye masu yawa daga gulbin kansa, a nemi shawarar masanan Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa. Amma dokar sarkin ruwa ta hana su lokacin da kifi yake zuba ƙwai ta fi wannan duka araha, kuma ta fi shi amfani ga Gagare da Bunsuru.