Yadda soket ɗin wuta ke ƙona na'urar sauya sautin jita

Ga makaɗin jita a otel-otel ɗin Nassarawa GRA da ya haɗa wa kansa na'urar sauya sauti, kuskure ɗaya a soket ɗin wuta ya isa ya ƙona ta.

Galibin waɗannan na'urori na bin tsarin kamfanin Boss na Japan: volt 9, tsinken tsakiya negatif, kewayensa fositif. Adaftocin dikoda na kasuwar Sabon Gari kuwa yawanci akasin haka suke, kuma volt 12 ne, alhali bakinsu kan shiga daidai.

Tun da kewayen ne fositif, soket mai jikin roba ake sanyawa, domin na ƙarfe zai haɗa wutar da akwatin na'urar. Kafin liƙa wayoyi da dalma, wajibi ne a auna kowace ƙafa da mita.